Ko ya dace ikkilisiya ta yi sujadar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi?

Wani matashin fasto ne ya aiko da wannan tambaya. Dattawan ikkilisiyarsa sun ɗora masa jagorancin sujadar tunawa da sojojin da suka rasa rayukansu a fagen fama, tare da godiya ga Allah saboda 'yanci da zaman lafiya. Ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba. Yana tsoron a mai da majami'a filin fareti, kuma wasu cikin membobinsa suna cewa Almasihu kaɗai ne ya mutu domin 'yancinmu, don haka yabon soja a gaban bagade ya yi kusa da bautar gumaka. Yana kuma so ya sani ko zai iya yin wa'azi daga Yahaya 15:13, da ko daidai ne a kira waɗannan sojoji shahidai.

Ɗan'uwana Fasto, alheri da salama su tabbata a gare ka. Ka yi sujadar. Amma wannan ɗar-ɗar da kake ji kada ka kore shi, shi ne zai hana ka kauce hanya. Fastocin da suka fi ba ni tsoro a irin wannan rana su ne waɗanda ba su ga wata matsala ba ko kaɗan.

Nassin da nake so ka fara zama da shi yana cikin 2 Sama'ila 23:13-17. Dawuda yana fake a kogon Adullam, Filistiyawa sun kafa sansani a kwarin Refayawa, wata ƙungiyarsu kuma ta mamaye Baitalami, garinsu. Ƙishi da kewar gida suka haɗu masa, sai ya yi magana irin ta mai zancen zuci, ya ce da ma a sami wanda zai ba shi ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar Baitalami. Bai umarci kowa ba. Uku daga cikin jarumawansa suka ji, suka kutsa ta tsakiyar maƙiya, suka ɗebo ruwan, suka sake kutsowa suka kawo masa. Ka hango su tsaye a gabansa suna haki, ƙura ta rufe su, ɗaya yana miƙa masa ruwan da ya yi marmari. Dawuda ya ƙi sha. Ya tsiyaye shi hadaya ga Ubangiji, ya ce Allah ya sawwaƙe masa ya sha, ai wannan jinin mutanen da suka sai da ransu ne.

Dawuda bai durƙusa wa mutanen nan uku ba, bai gina musu bagade ba. Bai kuma kwankwaɗe ruwan ya ce an gode ya wuce ba. Ya gane cewa abin da aka samo da kasadar rai ya wuce a sha shi kamar kowane ruwa, ya kuma san wanda ya cancanci a miƙa wa. Girmamawa ta tafi ga mutanen, hadaya ta tafi ga Allah. Membobinka masu tsoron bautar gumaka suna da hujja ta fuska ɗaya, domin sujada ta Allah ce shi kaɗai. Amma Manzo Bulus ya ce a Romawa 13:7 a ba kowa hakkinsa, wanda ya cancanci girma a ba shi girma. Mutumin da yake kwana lafiya saboda wani ya kwana a rami da bindiga, sannan ya ce ruhaniyarsa ta hana shi ambaton sunan wancan, ba tsarki ne ya yi masa yawa ba, butulci ne.

Kada ka rufe Littafin a aya ta 17. Ka ci gaba da karanta jerin sunayen jarumawan Dawuda har ƙarshen surar. Suna na ƙarshe, a aya ta 39, shi ne Uriya Bahitte. Duk mai karatun Littafi Mai Tsarki ya san yadda Uriya ya mutu. Sarki Dawuda ya kwana da matarsa, ya nemi rufe asiri bai samu ba, sai ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya da kansa ya kai wasiƙar, bai san hukuncin kisansa yake ɗauke da shi ba. Ba shi kaɗai ya mutu a ranar ba, waɗansu sojojin ma sun faɗi tare da shi a gindin garun Rabba. Da labari ya iso fada, Dawuda ya aika wa Yowab cewa kada abin ya dame shi, takobi yakan ci wannan ya ci wancan. Sura ta 11 ta 2 Sama'ila, inda labarin yake, ta rufe da cewa abin da Dawuda ya yi mugu ne a gaban Ubangiji.

Ga dalilin da ya sa na kai ka nan. Ba kowane soja ne ya mutu domin 'yanci ba. Wasu sun mutu suna kare garuruwa da mata da yara, wannan gaskiya ne. Wasu kuwa kwaɗayin masu mulki ne ya kashe su, ko girman kan wani hafsa, ko makaman da aka ci kuɗinsu ba a saya ba, ko yaƙin da tun farko bai kamata a yi shi ba. A ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin Somme a Faransa, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 ne suka mutu kafin gari ya sake wayewa, kuma har yau masana tarihi suna gardama kan ko me aka saya da jininsu. Uriya jarumi ne mai aminci, sunansa ya cancanci shiga jerin, amma ƙarya ce a ce ya mutu domin Isra'ila ta zauna lafiya. Gwamnati tana da dalilinta na faɗin cewa dukansu sun mutu domin ƙasa. Kai a kan bagade ba kakakin gwamnati ba ne. Kana iya girmama amincin soja ba tare da ka wanke wanda ya tura shi ba, kuma iyalan mamatan, waɗanda galibi sun fi ka sanin yadda abin ya faru, za su fi yarda da kai idan ba ka yi musu daɗin baki ba.

Waƙar tunawa da sojoji mafi girma a Littafi Mai Tsarki ma ba ta nasara ba ce. Makokin Dawuda ne domin Saul da Jonatan a 2 Sama'ila 1:17-27, bayan Isra'ila ta sha kashi a Dutsen Gilbowa. Dawuda ya umarta a koya wa mutanen Yahuza ita, wato ya mai da makokin abin da jama'a za su riƙa yi tare, ba kukan ɗaki ba. Saul ya yi shekaru yana farautar ransa, amma ko kalma ɗaya ta ramuwa babu a cikin waƙar. Haka kuma da Yowab ya kashe Abner, wanda ya daɗe yana jagorancin rundunar da ke yaƙi da Dawuda, sarki da kansa ya bi makara yana kuka a bakin kabari (2 Sama'ila 3:31-32). Idan ka rasa irin muryar da za ka yi amfani da ita a wannan sujada, ta makoki ce. Ba ta kirari ba.

Ranakun tunawa da ake yi yau a ƙasashe da yawa ba su daɗe sosai ba. A Amurka an fara da ranar ƙawata kaburbura a 30 ga Mayu 1868, bayan yaƙin basasarsu, kuma tun 1971 ake yin ta a Litinin ta ƙarshe ta watan Mayu. Birtaniya da Faransa da wasu ƙasashe sun riƙe 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a 1918. Shirun minti biyu da ake yi ya soma ne a shekarar da ta biyo baya, 1919. Najeriya ta mai da tata 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Jamus kuwa, wadda tarihi ya koya mata darasi mai ɗaci, tana keɓe wata Lahadi a watan Nuwamba don makokin duk waɗanda yaƙi da mulkin zalunci suka hallaka, soja da farar hula, na gida da na waje.

Akwai hannun wani fasto a cikin wannan tarihi da ya kamata ka sani. David Railton limamin sojojin Birtaniya ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1916, a garin Armentières na Faransa, ya ga wani kabari a lambun bayan gida, an kafa masa gicciyen katako, an rubuta da fensir cewa wani sojan Birtaniya ne da ba a san ko wane ne ba. Abin ya tsaya masa a rai. Bayan yaƙi ya rubuta wa shugaban majami'ar Westminster a Landan, kuma ranar 11 ga Nuwamba 1920 aka binne gawar wani soja marar suna a cikin majami'ar, inda ake binne sarakuna. Ma'anar ita ce duk uwar da ba a kawo mata gawar ɗanta ba za ta iya tsayawa a wurin ta ce wataƙila nawa ne. Tunanin makiyayi ke nan, wanda yake kallon masu makoki, ba tunanin mai shirya fareti ba.

Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ta ɗauki ƙa'idar cewa dutsen kabarin janar da na kurtu iri ɗaya ne, babu bambancin muƙami. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma Kirista zai ji ƙamshin bishara a cikinta. Sai dai a 2021 hukumar da kanta ta amince a wani rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Wato ko a wajen tunawa da matattu ana iya yin son kai. Ka riƙe wannan lokacin da za ka haɗa jerin sunayenka.

Game da ko aikin soja ya dace da Kirista, ikkilisiya ba ta taɓa magana da baki ɗaya ba, kuma kada ka yi kamar ta yi. Da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma me za su yi, bai ce su ajiye aiki ba, ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:14). Yesu ya yabi bangaskiyar wani jarumin sojan Roma fiye da ta kowa a Isra'ila, kuma Karniliyus, wanda ta gidansa aka buɗe wa al'ummai ƙofa a Ayyukan Manzanni 10, hafsan soja ne. A ɗaya ɓangaren, Tertullian na Kartaj, malamin ikkilisiyar farko, ya yi rubutu yana hana Kirista ɗaukar takobi, kuma a shekara ta 295 an fille kan wani saurayi mai suna Maximilian a Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, saboda ya ce shi Kirista ne ba zai shiga soja ba. Martin na Tours soja ne da ya ajiye makami ya zama bishop, kuma abin mamaki, ranar da ikkilisiyar Yamma take tunawa da shi tun ɗaruruwan shekaru ita ce 11 ga Nuwamba. Augustine, babban malamin ikkilisiya na Arewacin Afirka, ya rubuta wa wani kwamandan Roma mai suna Boniface cewa mutum zai iya faranta wa Allah rai yana soja, amma salama ce abin so, yaƙi kuwa larura ce kawai. Har yau 'yan ɗarikun Kirista na Mennonite da Quaker da yawa ba sa ɗaukar makami. Ni ina tare da Augustine, domin ban ga yadda ƙaunar maƙwabci za ta bar ni in naɗe hannu ana yanka shi ba. Amma ban taɓa ɗaukar ɗan'uwan da lamirinsa ya hana shi riƙe bindiga matsoraci ba, kuma sujadarka ta zama wadda shi ma zai iya cewa amin a cikinta.

Yanzu ga Yahaya 15:13, inda Ubangiji ya ce ba ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. An sassaƙa wannan aya a kan duwatsun tunawa da sojoji ba iyaka. Za ka iya wa'azi daga cikinta, amma da sharaɗi. Yesu ya faɗe ta ne a daren da aka bashe shi, kuma kan mutuwarsa yake magana da fari. Gaskiya ne 1 Yahaya 3:16 ta ce mu ma ya kamata mu ba da ranmu saboda 'yan'uwa, don haka akwai mutuwar ɗan adam da take nuna hoton tasa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na jirgin ruwan Dorchester, wanda jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya nutsar kusa da Greenland ranar 3 ga Fabrairu 1943. Limaman sojojin Amurka huɗu ne a ciki: George Fox, Clark Poling, John Washington wanda fada ne na Katolika, da Alexander Goode wanda malamin Yahudawa ne. Da rigunan ceto suka ƙare, suka tuɓe nasu suka ba wasu, suka nutse tare da jirgin, cikin mutum fiye da 600 da suka hallaka. Ba wanda ya tambayi addinin wanda ya miƙa wa riga. Irin wannan yana faruwa a kowane yaƙi, sojan da ya koma ɗauko abokinsa da aka harba, ko wanda ya tsaya yana tare hanya don sauran su tsira, kuma galibi ba wanda yake jin labarinsu sai waɗanda suka tsira.

Amma ka faɗi bambancin a fili, ko da a jimla biyu ne. Soja yana fita da makami yana fatan dawowa, da yawa ma tilas aka yi musu, wasu talauci ne ya kai su. Almasihu ya tafi ba makami, da sani da yardar ransa, kuma Romawa 5:8-10 ta ce ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, muna maƙiyan Allah. Jinin soja yana iya kare iyakar ƙasa, ba ya wanke zunubi, ko nasa ko na wani. Inda wa'azin wannan rana yake lalacewa shi ne inda fasto ya ɗauki harshen gicciye, fansa da hadaya da ceto, ya shafa wa tutar ƙasa, har mai sauraro ya kasa bambance wanne ake nufi.

Wannan ya amsa tambayarka kan shahidai. A wurin ikkilisiya shahidi shi ne wanda aka kashe saboda shaidar Almasihu, irin su Istifanas a Ayyukan Manzanni 7, wanda ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara. Ba yau aka fara neman faɗaɗa wannan matsayi ba. A ƙarni na 10 Sarki Nikephoros Phokas na daular Bizantiya, wanda shi kansa gwarzon yaƙi ne, ya nemi a riƙa girmama sojojinsa da suka faɗi a fagen fama a matsayin shahidai. Shugabannin ikkilisiya suka ƙi. Suka kafa hujja da Basil na Kaisariya, wanda tun a ƙarni na 4 ya ce bai lissafa sojan da ya yi kisa a yaƙi cikin masu kisan kai ba, amma ya ba da shawara ya ƙaurace wa Jibin Ubangiji shekara uku domin hannunsa ba shi da tsabta. Ko Dawuda da kansa an hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar (1 Tarihi 22:8). Ka kira su jarumawa, ka kira su mazan jiya, ka kira su 'ya'yanmu. Shahidai kam, a'a.

Wata gwauruwa za ta iya tare ka bayan sujada ta ce, Fasto, mijina yana ina yanzu? Kada ka ce mata mutuwar fagen fama ta kai shi sama, domin ceto ta wurin alheri ne, ba ta irin mutuwar da mutum ya yi ba. Kada kuma ka yanke masa hukuncin da ba a ba ka ba. Idan mai bi ne, ka ba ta begen tashin matattu ba tare da inda-inda ba. Idan ba ka san matsayinsa ba, ka tuna mata da ɓarawon da ya sami alkawarin Firdausi a sa'arsa ta ƙarshe, da maganar Ibrahim cewa Mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai.

Sai batun 'yanci. Masu cewa Almasihu ne ya 'yanta mu gaskiya suka faɗa, ga Galatiyawa 5:1 da Yahaya 8:36. Wannan 'yanci ba soja ne ya samo shi ba, ba kuma azzalumin da zai iya ƙwace shi. Bulus da Sila suna da shi da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu, suna raira waƙa. Amma da gari ya waye, shi wannan Bulus ɗin ne ya ce an yi musu dūka a bainar jama'a ba shari'a alhali su Romawa ne, sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su. A Urushalima ma ya tsai da bulala da hakkinsa na ɗan ƙasa, daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ya ce wa bawa idan ya sami damar 'yantuwa ya yi amfani da ita (1 Korantiyawa 7:21). Ya kuma ce a yi addu'a domin sarakuna da masu mulki don mu yi zaman lafiya da natsuwa (1 Timoti 2:1-2). Mutumin da ya fi kowa sanin 'yancin ruhu bai raina 'yancin ƙasa ba. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, ka tambaye shi ko ya taɓa yin sujada a ɓoye, murya ƙasa-ƙasa, wani yana gadin ƙofa. Masu yin haka a yau ba su da wannan ra'ayi.

Idan ka zo godiya, ka sauko da 'yancin ƙasa-ƙasa inda mutane za su taɓa shi. Yaro ya tafi makaranta ya dawo. Manomi ya kai yamma a gona. An buɗe majami'a ranar Lahadi ba wanda ya nemi izini. Mutum ya soki mai mulki da rana ya kwana a gidansa da dare. Ka kuma faɗi cewa ba bindiga kaɗai ce take riƙe waɗannan ba, akwai alƙali mai gaskiya, da malamin makaranta, da ma'aikatan jinya, da farar hular da suka fi sojoji yawan mutuwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Idan kuwa jama'arka suna zaune a inda zaman lafiyar bai samu ba tukuna, kada ka tilasta musu godiyar abin da ba su gani ba. Ku gode don abin da ya rage, ku yi kuka don abin da aka rasa, Zabura cike take da addu'o'in da suka haɗa biyun. Sannan ka karanta musu Galatiyawa 5:13 da 1 Bitrus 2:16, cewa 'yanci ba hujjar mugunta ba ne, dama ce ta bauta wa juna. Wanda yake murnar 'yancin yin sujadarsa amma yana so a hana maƙwabcinsa mai wani addini yin tasa, gata yake nema. Sojojin da za ka karanta sunayensu sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ba addininsu ɗaya ba, sun ci a kwano ɗaya, wasu an binne su a rami ɗaya.

Abin da za ka fi tsarewa shi ne cewa Allah na ɓangarenmu ne. Sojojin Jamus sun shiga Yaƙin Duniya da rubutu a kan ƙarfen bel ɗinsu cewa Allah yana tare da su, waɗanda Jamusawan suke harbi kuma limamansu suna gaya musu haka nan. Abraham Lincoln, a jawabin rantsar da shi karo na biyu a 1865, ya lura cewa ɓangarorin biyu na yaƙin basasar Amurka Littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo, kowa yana neman taimakonsa a kan ɗan'uwansa. Da Joshuwa ya ga mutum da takobi zare kusa da Yariko ya tambaye shi, kana wajenmu ne ko wajen maƙiyanmu, amsar da ya samu ita ce a'a, shi sarkin yaƙin rundunar Ubangiji ne, kuma Joshuwa ne aka ce ya tuɓe takalmi. A 1982, bayan yaƙin tsibiran Falkland, an yi sujadar godiya a majami'ar Saint Paul a Landan. Akbishop Robert Runcie ya tuna da matattun Ajantina da iyayensu tare da na Birtaniya, wasu 'yan siyasa da jaridu suka yi masa ca. Ba su iya ce masa matsoraci ba, domin ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a cikin tankar yaƙi har ya sami lambar jarumtaka. Sau da yawa waɗanda suka ga yaƙi da idonsu sun fi masu kallo daga nesa saurin yi wa maƙiyi addu'a. Ka sa addu'a ɗaya domin uwayen wancan ɓangare. Wani zai ɓata rai, amma Matiyu 5:44 ba ta da ranar hutu.

A kan tsarin sujadar ba zan tsawaita ba. Tuta za ta iya shiga, amma a gefe, kada ta hau teburin Jibi ko ta rufe gicciye. Sojoji su zo da kakinsu idan suna so, makamai su tsaya a waje. Idan manyan gwamnati sun halarta, a ba su wurin zama, kada a ba su bagade. Wa'azi ya zama gajere. Zabura 46 da ta 90 sun dace, haka Ishaya 2:4 inda za a mai da takuba garemani, da Wahayin Yahaya 21:4. Shirun da za a yi ka bar shi ya cika, kada mai kiɗa ya cike shi da sauti. Idan ikkilisiyarka ta Katolika ce, addu'a domin matattu tana cikin koyarwarku, kuna kuma kafa hujja da 2 Makabiyawa 12, wadda ma kan sojojin da suka faɗi a yaƙi take magana. Idan ta Furotesta ce, ku gode wa Allah saboda rayuwarsu, addu'ar roƙo kuma ta tafi ga waɗanda suka bari.

Su waɗanda aka bari ɗin su ne ma'aunin sujadar taka. Yakubu 1:27 ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Matar soja takan rasa miji da albashi, wani lokaci har da ɗakin bariki, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, sannan ta shiga yawon ofis-ofis da takardu tana neman hakkin mijinta, 'ya'ya kuwa kuɗin makaranta ba ya jira. Furannin da aka ajiye ba za su biya ko ɗaya ba. Baikon wannan rana ya tafi gare su kai tsaye, kuma a sanar da ikkilisiya yadda aka raba. Ka nemi wani cikin membobi da ya san aikin ofis ya riƙa raka su bin takardun fansho. Akwai kuma waɗanda suka dawo da rai amma yaƙin bai sake su ba: mai ƙafa ɗaya, da wanda ba ya barci, da wanda ƙarar buga ƙofa take sa shi zabura, da wanda abin da ya aikata da hannunsa yake hana shi zuwa teburin Ubangiji. Irin wannan mutum idan ka tsai da shi gaban jama'a ana tafa masa, wataƙila ƙara masa nauyi ka yi. Ka tambaye shi tukuna ko yana so a ambace shi. Abin da ya fi bukata shi ne fasto mai iya sauraro ba tare da ya razana ba, da kuma likita idan abin ya kai ga haka.

Sunayen kuwa ka fara tattara su tun makonni kafin ranar, gida-gida, daga bakin iyalai. Ka tambayi yadda ake furta kowanne da sunan da aka fi sanin mutumin da shi. Ka karanta su bisa jerin haruffa, ba bisa muƙami ba. Ka sa waɗanda suka ɓace ba a ga gawarsu ba, idan iyalansu sun yarda, domin wasu har yanzu suna jiran dawowarsu kuma ba kai ne za ka yanke musu wannan ba. Ka sa ɗan'uwan memba ko da ba Kirista ba ne. Wanda ya dawo gida raunukan yaƙi suka ƙarasa shi bayan shekaru, shi ma ya shiga. Ka rubuta su a littafi guda da za a ajiye a ikkilisiya tare da sunayen matansu da 'ya'yansu, ka damƙa shi ga dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata, su riƙa kawo rahoton halin da kowane gida yake ciki a taron dattawa.